Sabis a falo, shiru a ɗaka: me ke raunana Wi-Fi a gidajen Legas, kuma ina gyaran yake?

Tun daga 20 ga Janairun 2025, ranar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, ƙorafi ɗaya ake ta juyawa a majalisun Agege da Idi-Araba da Mil 12: kuɗi ya ƙaru, sabis yana nan jiya i yau. Magidanta da dama sun gaji da saya wa kowa data a wayarsa, sun sayo rauta guda, wato na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida, domin iyali su haɗu a kai. Sai ga shi a falo bidiyo yana tafiya sumul, a ɗakin uwargida kuwa saƙon murya na WhatsApp sai ya yi ta juyi kafin ya tafi, yaron da ke gwajin tambayoyin JAMB kuma sai ya fito bakin ƙofa da wayarsa a hannu. Daga nan sai shawarwari su yi yawa. Wani ya ce a canza kamfani, wani ya ce a sayo ripita, na'urar da ke maimaita siginar Wi-Fi, a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wani ya ce ai sai Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam. Kowace shawara a cikinsu tana da inda take aiki, amma ba ciwo ɗaya suke warkarwa ba.

Kalma ɗaya, abubuwa uku

Idan aka ce "sabis ba kyau", abubuwa uku ne aka dunƙule wuri guda. Na farko hanyar da ke kawo intanet daga kamfani zuwa gidan, ko dai ta layin sim na 4G da 5G irin na MTN da Airtel da Glo da Spectranet, ko ta wayar faiba irin ta ipNX da FiberOne, ko ta tauraron ɗan'adam. Na biyu Wi-Fi, wato ɗan ƙaramin gidan rediyon da ke cikin rauta, wanda ke rarraba abin da ya shigo zuwa ɗakuna. Na uku wayar hannu ko kwamfuta ko talabijin ɗin da ke karɓa. Sandunan Wi-Fi da ake gani a saman allon waya labarin na biyun kawai suke bayarwa, wato tsakanin waya da rauta. Shi ya sa za a ga sanduna sun cika fal amma shafi ya ƙi buɗewa: rauta tana kusa, ita ce ba ta samun komai daga waje.

Akwai ma'auni biyu da ya kamata a riƙe. Gudun intanet ana auna shi da Mbps, kuma takwas daga cikinsu ne ke ba da megabait ɗaya a daƙiƙa, don haka layin 20Mbps ba ya sauke abin da ya wuce megabait biyu da rabi a daƙiƙa. Ƙarfin sigina kuma ana auna shi da dBm, lamba ce mai alamar ragi a gabanta, kuma iya kusancinta da sifili iya ƙarfinta. -50 sigina ce mai kyau ƙwarai, -60 ba laifi, -67 ita ce iyakar da masu wannan aiki ke ɗauka domin kiran bidiyo ya tafi ba yankewa, daga -75 zuwa -80 kuwa sai haƙuri. Lissafin ba irin na kasuwa ba ne: raguwar 3 kacal tana nufin rabin ƙarfin ya tafi, raguwar 10 kuma tana nufin kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya saura.

Sai wani ruɗani da sunaye suka haifar. 5G daban, 5GHz daban. 5G fasahar layin waya ce tsakanin turken kamfani da sim, wadda MTN ta fara a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023. 5GHz kuwa zango ne na Wi-Fi a cikin gida. Idan sunan Wi-Fi ɗin gida ya ƙare da "5G", galibi zangon cikin gida ake nufi, ko da rautar 4G ce ko ta faiba.

Gwajin da ke raba gardama

Kafin a kashe ko sisi, gwaji ɗaya ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa. A tsaya mita ɗaya ko biyu daga rauta, a kashe datar wayar, a buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, a rubuta abin da ya fito. In akwai kwamfuta, a haɗa ta da rauta ta kebul, sakamakon ya fi zama abin dogaro. Sannan a je ɗakin da ake kuka da shi, a rufe ƙofa kamar yadda aka saba zama, a sake gwadawa da wayar nan dai. A yi haka da safe, a sake yi tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare. Gwajin kansa yana cin data, don haka sau biyu a kowane wuri ya wadatar.

Idan a gaban rauta an samu 30Mbps, a ɗaka an samu 3, matsalar ta cikin gida ce, canza kamfani ba zai taɓa ta ba. Idan a gaban rautar ma 3 ɗin ne, to babu ripita ko mesh, wato na'urorin faɗaɗa Wi-Fi a cikin gida, da zai ƙara abin da bai shigo ba. Idan kuma da safe 30 ne, da dare 3, cunkoso ne, ko a turken unguwa ko a iskar da ake rabawa da maƙwabta.

Idan laifin daga waje ne

Legas ba ta rasa intanet a bakin teku ba. Manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa a nan suke sauka: MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS a 2012, Equiano ta Google ta iso a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da huɗu daga irin waɗannan wayoyi suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddebuwa, har bankuna sai da suka ji a jikinsu. Amma irin wannan ba kullum yake faruwa ba. Abin da ya fi addabar mutane shi ne ɗan guntun da ke tsakanin babbar hanya da ƙofar gida.

A nan bakin kamfanoni da na masu saye ya rabu. Kamfanoni suna cewa masu aikin titi da magudanan ruwa suna yanke musu faiba, ɓarayi suna kwashe batura da man janareta a turaku, kayan aiki kuma da dala ake sayo su, kuma sun shafe fiye da shekara goma ba a bari sun ƙara farashi ba. Da ma ƙarin kashi 100 suka nema, aka ba su rabi. Masu saye da ƙungiyar ƙwadago suna cewa an karɓi kuɗin tun kafin a ga ingancin da aka yi alkawari. Duka biyun suna da hujja, kuma mai rauta a Obalende ba shi da ikon gyara ko ɗaya. Abin da ke hannunsa shi ne inda rautarsa take kallo.

Rauta mai sim tana da shafin saiti, galibi a 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, kuma adireshin yana rubuce a ƙasanta. A ciki akwai lambobi biyu. RSRP ƙarfin siginar turke ce: -80 tana da kyau sosai, -95 matsakaiciya, daga -110 abin ya yi rauni. SINR kuma tsabtar siginar ce daga hayaniya: sama da 13 lafiya, kusa da sifili ko ƙasa da shi matsala, ko da sanduna sun cika. A ɗauki rautar da doguwar wayar wuta, a zagaya da ita tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya, a dakata minti ɗaya a kowace, a duba lambobin. Sau da yawa tagar da ke fuskantar wani ɓangare daban takan ba da bambancin da kuɗi ba su saya. A lura da ragar sauro ta ƙarfe da gilashi mai rufin madubi, domin dukansu suna tare sigina. Raga ta roba ba ta yi. 5G na zangon 3500MHz ya fi gudu, amma bango ya fi kayar da shi fiye da 4G na zangon 700 ko 800, shi ya sa rautar 5G da aka tura lungun falo takan koma 4G ba tare da mai gida ya sani ba.

Idan rautar tana da mazaunin eriyar waje, ana iya ɗaura eriya a bango ko a rufi tana kallon turke, da sharaɗin kebul ɗinta gajere ne, domin kowace mita tana cin wani abu daga ribar da aka samo. Na'urar ƙara sabis ɗin waya da ake kira busta kuwa, NCC ta yi gargaɗi a kanta tun 2021 cewa kamfanoni masu lasisi kaɗai aka yarda su girka ta, saboda tana dagula sabis ɗin maƙwabta.

Mai faiba ya duba fitilun akwatinsa. Idan fitilar da aka rubuta wa LOS ta yi ja, hasken da ke ɗauke da intanet a cikin faiba ba ya isowa: ko an yanke waya a titi, ko siririyar wayar cikin gida ta lanƙwashe a bayan kujera. Zaren gilashi ne, ba ya jure naɗi mai tsauri ko matsewar ƙofa. Sannan a karanta sharaɗin tsarin da aka saya. Yawancin abin da ake tallatawa da sunan "ba iyaka" yana da adadin da idan aka kai shi za a rage gudu har ƙarshen wata. Sabis da ke lalacewa kullum a mako na uku ba bango ba ne.

Bulo, rodi da ƙofar ƙarfe

Mafi yawan matsalar tana nan, kuma gyaranta ne ya fi arha. Alƙaluman da ake bugawa a jikin kwalin rauta an auna su ne a fili ko a gidajen katako da allon siminti mara nauyi. Gidan Legas kuwa bulo ne mai inci tara a waje, mai inci shida a ciki, an shafe shi da filasta, wani wurin an manna tayil, sama kuma dakin ne na kankare da rodi a saƙe. Ko a fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sigina tana raguwa da kusan 6. Bangon siminti guda kan cinye 10 ko fiye, dakin ya fi haka, ƙofar tsaro ta ƙarfe kuwa kusan toshewa take yi gaba ɗaya. Sigina da ta tashi da -40 a falo, bayan bango biyu da mita goma, ta riga ta gangara wajen -75.

Yanzu a dubi inda aka saba ajiye rauta. Tana kan teburin talabijin, a bayan allon, tsakanin dikoda da lasifika, wani lokaci a cikin durowa don kada yara su taɓa, an rufa mata ɗan kyalle saboda ƙura. Falon kansa yana gaban gida, ɗakunan kwana suna can baya. Rabin siginar tana fita titi tana yi wa masu shago hidima, sauran rabin tana fama da bayan talabijin, wanda faranti ne na ƙarfe.

Gyaran shi ne a matsar da ita tsakiyar inda ake amfani da ita, galibi baranda ta ciki da ƙofofin ɗakuna ke buɗewa a kai, a ɗaga ta sama kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a fili, nesa da firiji, madubi, tankin ruwa da akwatin inbata. Sigina ta fi son bin ƙofa da lungu a kan ratsa bango. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: bangon da aka ratsa a karkace ya fi wanda aka ratsa kai tsaye kauri, don haka rauta da ke manne da dogon bango tana wahalar da duk ɗakunan da ke jere a bayansa. Matsar da ita da taku biyu kan sauya lissafin.

Eriya tana watsa sigina ne ta gefe, kamar faifai da aka soke da tsinke, ba ta tsininta ba. A gida mai hawa ɗaya a miƙar da su tsaye. A bene a kwantar da guda domin wani kaso ya hau sama, kodayake wanda ke da dakin a tsakani kada ya sa rai da yawa; ramin matakala ne hanyar da siginar za ta fi bi.

Masu rauta mai sim suna da tsaka mai wuya: taga ce wurin da ya dace da turke, tsakiyar gida ce wurin da ya dace da ɗakuna. A ƙaramin gida ana iya samun tagar da ta haɗa biyun. A babba, sai a bar mai sim ɗin a taga, a ja kebul zuwa wata na'urar a tsakiya. MiFi, wato ƙaramar rautar aljihu mai batir, kuwa don tafiya aka yi shi. Ɗaki ɗaya ko biyu yake iya ɗauka, kuma barinsa a caji dare da rana yana kumbura batirinsa.

Masu sayarwa sukan nuna rauta mai eriya shida ko takwas su ce tana ratsa bango huɗu. Ko da ta ratsa, magana ce ta ɓangare biyu. Ladan da lasifika ana jin sa daga nesa, amma shi ba ya jin amsar wanda ke cikin ɗaki. Wayar hannu ƙaramar eriya gare ta da ƙaramin batir, tana jin rauta, rauta ba ta jin ta. Alamar wannan ita ce sanduna biyu ko uku, amma hoto ya ƙi tafiya, kiran bidiyo kuma ɗaya ɓangaren yana cewa ba ya ganin kowa.

Zango, tasha da maƙwabta

Wanda ya saba da rediyo ya san zango da tasha. Wi-Fi yana da zangon 2.4GHz da na 5GHz. Na farko ya fi nisa da ratsa bango, amma ƙunci gare shi: tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. A gidan haya mai ɗakuna jere suna kallon juna, ko bene mai gidaje goma sha biyu, waya kan nuna sunayen Wi-Fi ashirin, ga na masu kunna hotspot a wayoyinsu, ga Bluetooth, ga na'urar ɗumama abinci ta makirowef, duk a zango ɗaya. Na'urorin da ke tasha guda layi suke bi, ɗaya ta yi magana sauran su jira. Da dare, lokacin da kowa ya dawo gida, layin ya yi tsawo.

Manhajar WiFi Analyzer a Android tana nuna wace tasha ce ta fi sauƙin cunkoso, tana kuma nuna dBm na kowane ɗaki. A shiga saitin rauta, a zaɓi ɗaya daga ukun nan, a sa faɗin tasha a 20MHz. Zaɓar 3 ko 9 don a kauce wa jama'a gyaran gangar Auzinawa ne, domin sai a shiga hayaniyar ɓangare biyu. Faɗin 40MHz a zangon 2.4 ma haka: a takarda ninki ne, a unguwa mai cunkoso ƙarin karo ne.

Zangon 5GHz yana da tashoshi da yawa da gudu mai yawa, kuma rashin ratsa bangonsa alheri ne ta wani gefen, tunda na maƙwabta ma ba ya shigowa. Tsarin da ya fi dacewa shi ne talabijin da kwamfuta da wayoyin da ke kusa su hau 5, na ɗakunan nesa da kyamarorin tsaro su zauna a 2.4. Idan rautar ta haɗe zangon biyu a suna ɗaya kuma wayoyi suna ta tsalle a tsakani, a raba musu suna. Rautar da ba ta da 5GHz sam, a unguwa irin Idi-Araba, ita ce na'urar da canza ta ke biyan kuɗin sabulu. A duba a jikin kwali a ga Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6, a kuma tabbatar ramukan kebul ɗinta na gigabit ne, wato 1,000Mbps, domin akwai masu arha da ramukansu ba sa wuce 100Mbps.

Wuta da zafi

Duk ɗaukewar wuta, da duk sauyi daga NEPA zuwa janareta, rauta sai ta mutu ta tashi, ta ɗauki minti ɗaya zuwa uku kafin ta dawo. Maganin ƙaramin UPS ne na rauta, wato batirin ajiyar wuta, mai fitar da wuta kai tsaye. A karanta jikin adaftar: yawanci 12V ne da 1A zuwa 2A, wasu 9V ko 5V. Dole bolt ya zo daidai, amfiya kuma ta kai ko ta fi. Lissafin awanni ba wuya: batir mai 10,000mAh a 3.7V yana riƙe da wat-awa 37, rauta mai cin wat 10 za ta yi kamar awa uku a kai bayan an cire asara. Mai faiba ya tuna akwati biyu gare shi in rautarsa daban take, kuma dukansu suna son wuta.

Adafta da ta gaji tana kwaikwayon raunin sigina. Fitilu suna kunne, amma da an fara sauke abu mai nauyi sai rautar ta sake tashi, ko Wi-Fi ya ɓace ya dawo. Kafin a yanke wa rauta hukunci, a gwada wata adaftar mai lambobi iri ɗaya. Zafi ma haka: rauta a kan dikoda, ko a tagar da rana ke duka da la'asar, tana rage gudu don ta kare kanta.

Ripita, mesh ko kebul

A nan ne masu shago da masu girka hanyar sadarwa suka fi saɓani. Mai shago zai miƙo ripita: arha, a soka a soket, an gama. Hujjarsa ita ce ɗan haya ba ya son fasa bango, kuma buƙatarsa ba ta wuce WhatsApp ya shiga ɗaki ba. Wannan gaskiya ne. Abin da ba a faɗa shi ne ripita mai rediyo ɗaya da baki ɗaya take saurare take maimaitawa, don haka gudun yana raguwa da kusan rabi. Kuskuren da aka fi yi kuma shi ne soka ta a cikin ɗakin da ba sabis. Abin da ta ji shi take maimaitawa. In rauni ta ji, rauni za ta watsa da cikakkun sanduna. Wurinta rabin hanya ne, inda sigina ba ta gaza -65 ba.

Mesh na'urori biyu ko uku ne masu suna ɗaya, waya tana wucewa daga wannan zuwa waccan ba tare da an taɓa ta ba. Ya fi ripita tsari, ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. Amma idan na'urorin ta iska suke magana da juna, bangon da ya hana waya shi zai hana su. An sha sayen mesh mai tsada a ɗora ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, dakin ya shiga tsakani, an gudu ba a tsira ba.

Masu girkawa kebul suke cewa, kuma a ginin siminti hujjarsu ta fi nauyi. Kebul nau'in Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar gigabit har mita 100, bango ba ya rage shi, maƙwabta ba sa dagula shi. A ja shi ta silin ko ta gefen bango a cikin robar rufe waya, a sa na'ura ta biyu a ƙarshensa. Tsohuwar rauta ma tana yin wannan aiki: in tana da tsarin AP, wanda ke mayar da ita mai watsa Wi-Fi kawai, a kunna shi, in babu, a kashe DHCP ɗinta, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, a ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar ba, a soka kebul a ramin LAN, a sa mata suna da kalmar sirri irin na babbar, amma tasha daban. Mesh ɗin ma idan aka haɗa shi da kebul sai ya nuna ainihin ƙarfinsa.

Wurin sayen kebul akwai tarko. Kasuwa cike take da wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe. A kankare silli ɗaya na cikinsa da wuƙa: in fari ya bayyana, shi ne. Yana karyewa da wuri, kuma bai dace da na'urorin da ke shan wuta ta cikin kebul ba. Silli takwas ne a ciki, kuma gigabit yana buƙatar dukansu. Ɗaya ya kuskure a wurin matse kai, gudun kan faɗo zuwa 100Mbps. Kebul ɗin da zai bi waje ya zama mai baƙar riga ta jure rana. Tsakanin gini biyu kuwa, misali babban gida da ɗakunan baya, tsawar damina tana bin jan ƙarfe ta ƙone na'urorin ɓangare biyu, don haka faiba ko na'urar kariya mai haɗe da ƙasa ta fi aminci.

Akwai kuma adaftar da ke tura intanet ta wayoyin wutar gida. A gidan da ke da layin wuta uku, da makunnin sauyawa zuwa janareta, da inbata, da sitabilaiza, ba kasafai take yin abin kirki ba. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana maganin hanyar waje ne ga wanda faiba ba ta kai unguwarsa ba. Rautarsa da bulo iri ɗaya za ta yi fama, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana rage shi.

Baƙin da ba a gayyata ba

Kalmar sirri a gidan haya ba ta daɗewa tana sirri, musamman yanzu da waya ke iya miƙa ta ga wata ta hoton QR. Shafin saiti yana nuna jerin na'urorin da ke haɗe. In adadin ya fi na gidan, a canza kalmar, a canza ta shiga saitin ma daga "admin" da aka zo da ita, a kashe WPS, wato tsarin haɗawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Tsaro ya zama WPA2 mai AES ko WPA3. Tsofaffin WEP da TKIP, ban da rauninsu, suna daƙile gudu a 54Mbps. Wanda ke son taimaka wa maƙwabci, abin da ba a rasa ba a zaman tare, ya buɗe masa sashen baƙi mai iyakar gudu. Kuma waya ɗaya da ke can ƙarshen sigina tana jan lokacin kowa, domin rauta sai ta sassauta ta yi ta maimaita mata.

Abin da zai biyo baya a aljihu

Gida ba ya buƙatar gudu mai yawa kamar yadda talla ke nunawa. Netflix da kansa 5Mbps yake nema don hoto mai 1080p, 15 don 4K, kiran bidiyo kuma bai kai haka ba. Layin 20 zuwa 30 da ke isa kowane ɗaki ya fi layin 100 da ya tsaya a falo, don haka sayen babban tsari kafin a gyara cikin gida asara ce ta wata-wata.

Akwai kuma sakamakon da kan zo ba zato: idan sigina ta gyaru, data takan fi saurin ƙarewa. Manhajojin bidiyo suna ɗaga ingancin hoto da kansu da sun ga hanya ta buɗe. A lissafin Netflix, awa ɗaya ta hoto na yau da kullum tana cin har gigabait 1, ta HD har 3, ta 4K har 7. Wayoyi kuma da sun ga Wi-Fi sai su fara sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiya, domin suna ɗauka kyauta ne. Mai tsari mai iyaka ya sa YouTube a 480p ko 720p a wayoyin yara, ya shiga saitin Wi-Fi na kowace waya ya nuna mata cewa wannan layin na awo ne.

Idan gwajin gaban rauta ya nuna laifin na kamfani ne, kwana da kwanaki, a ajiye hotunan sakamakon da ranaku da lokuta, a kai ƙorafi ga kamfanin a karɓi lambar ƙorafin. In ba a warware ba, layin NCC na masu ƙorafi shi ne 622, kyauta ne, kuma lambar nan da kamfanin ya bayar ita za a fara tambaya.